Kafin a Rubuta Layin Farko

A farkon shekarun 2000, kayan aikin mai rubuta manhajar kwamfuta a Kano ko Zariya ko Kaduna ba su fi ƙarfin aljihun riga ba. Faifan Visual Basic 6 guda ɗaya ne, sai faya-fayan MSDN guda biyu masu ɗauke da bayanin kowane umarni, ga wanda ya yi dacen samunsu. In ka zura faifan bayan la'asar, kafin a kira magariba ka gama girkawa. Kana buɗewa za ka tarar da fom ruwan toka mai ɗige-ɗige yana jiranka. Ka jawo maɓalli daga gefen hagu ka dasa a kai, ka danna shi sau biyu, wurin rubutu ya buɗe, ka rubuta layi ɗaya, ka buga F5. Sai ga taga ta fito, sak irin wadda ake gani a manhajojin manyan kamfanoni, amma wannan aikin hannunka ce. Babu wanda ya tambaye ka intanet, babu wanda ya ce sai ka buɗe asusu da adireshin imel.

Wannan sauƙin da gangan aka gina shi. Microsoft ya fitar da Visual Basic a 1991, ya ɗora shi a kan wata dabara ta zana fom da linzami wadda ya saya a wurin Alan Cooper, siga ta shida kuwa ta fito a 1998. A ɗaya ɓangaren akwai Delphi na kamfanin Borland, wanda ya fito a 1995 a ƙarƙashin jagorancin Anders Hejlsberg, mutumin da ya rubuta Turbo Pascal. Dukansu biyu manufarsu ɗaya: mutum ya zauna ya fara aiki nan take. Galibin faya-fayan da ke yawo a hannunmu kwafi ne, wannan kowa ya sani, domin kuɗin na asali ya fi ƙarfin ɗalibi nesa ba kusa ba. Da su aka rubuta manhajojin kemis, da na lissafin sakamakon jarrabawa a makarantun kuɗi, da na albashi, da na buga rasit a shagunan kaya. Bayanai suna kwance a fayil ɗin Access, rahoto kuma Crystal Reports ke fitar da shi.

Wahalar wancan zamanin a ƙarshen aiki take jira. Ka gama komai, ka gwada a kwamfutarka ba gargada, ka ɗauka ka kai shagon wanda ya ba ka aikin. Yana tsaye a bayanka, yaran shago sun kewaye teburin. Ka danna, maimakon fom ɗin da ka kwana kana ƙawatawa sai wani ɗan akwati ya fito da lamba 339, yana cewa ba a yi wa MSCOMCTL.OCX rajista daidai ba, ko wani fayil da ya dogara da shi ya ɓace.

"Malam, me kuma take cewa?"

"Alhaji, wani ɗan fayil ne babu. Yanzu za a sa shi."

Abin da ya faru shi ne, fayil ɗin da ka kawo bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba. Jadawalin da ka sa a fom, da kalandar zaɓen rana, da akwatin buɗe fayil, kowannensu a wani fayil dabam yake zaune, mai ƙarewa da OCX ko DLL. Ranar da ka girka Visual Basic a kwamfutarka aka zuba su duka aka yi musu rajista, shi ya sa ba ka taɓa jin nauyinsu ba. Kwamfutar Alhaji ba ta san da su ba. Sai ka kwafo fayil ɗin ka ajiye a System32, ka kira regsvr32 ya rubuta sunansa a kundin rajistar Windows, ka sake dannawa, wani fayil ɗin kuma ya ce shi ma babu shi. Haka za ka yi ta bi ɗaya bayan ɗaya. In ma ka gama lafiya, bayan wata biyu ɗan gidan zai girka wani wasa ko direban firinta, wanda zai shimfiɗa tsohuwar sigar wannan fayil ɗin a kan sabuwa, domin folda ɗaya kowa ke zubawa. Manhajarka da ba a taɓa ta ba sai ta wayi gari ta ƙi tashi. Masu sana'ar a duniya har suna suka laƙaba wa wannan, jahannamar DLL. Mutanen Delphi sun fi mu kwanciyar hankali a nan, domin shi yana iya dunƙule komai a fayil guda, kuma na daɗe ina ganin wannan kaɗai ya isa dalilin da ya kamata a ce Delphi ya fi yaɗuwa a wurinmu fiye da yadda ya yi.

Akwai wadda ta fi wannan ɓoyewa, ita ce ta kwanan wata. Mu rana muke fara rubutawa sannan wata. Injin Access kuwa, idan aka miƙa masa kwanan wata a cikin umarnin bincike, tsarin Amurka yake ɗauka, wata kafin rana. Saboda haka cinikin 3 ga Afrilu sai ya koma na 4 ga Maris ba tare da wani saƙon kuskure ba. Daga 13 ga wata zuwa ƙarshensa komai daidai yake fita, tunda babu wata na goma sha uku da zai rikitar da shi. Mai shago zai ce lissafin farkon wata ba ya haɗuwa, a yi ta zargin yaron da ke kan kwamfuta, alhali yaron bai ci ko kwabo ba.

Abin da ya fi ci mini rai a wancan lokacin shi ne haruffanmu. Visual Basic 6 a cikinsa yana riƙe rubutu da tsarin Unicode, amma akwatunan da ke kan fom da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai suke nunawa, wanda babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ a cikinsa. Ka sa sunan ɗaliba Ɗahara ko garin Ƙaraye, alamar tambaya za ta fito a gurbin harafin farko. Alamar naira ma babu ita, shi ya sa tsofaffin rasit suke ɗauke da N tsakanin alamomin daidai guda biyu. Masu buga littattafai sun sami mafita ta hanyar fon na musamman, irin Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira, kuma sun yi wa rubutun Hausa hidima babba. Sai dai shi irin wannan fon dole ne ya kasance a kowace kwamfutar da za a buɗe rubutun, in babu shi wasu alamomi dabam ne za su bayyana. Da yawanmu sai muka haƙura, muka riƙa rubuta Hausa ba lanƙwasa, har kundin sunayen ɗalibai na makarantu da dama ya tafi a haka shekara da shekaru. Duk wanda zai ce mini da can ya fi yanzu, wannan nake fara tuna masa.

A Fabrairun 2002 Microsoft ya fitar da .NET tare da sabon yare, C#, wanda Hejlsberg ɗin nan na Delphi ya jagoranta bayan ya koma can a 1996. An magance abubuwa biyu a lokaci guda. Kowace manhaja tana iya ajiye fayilolinta a foldarta, siga biyu na abu ɗaya suna iya zama a kwamfuta ɗaya ba tare da sun taka juna ba, kuma akwatunan fom sun karɓi Unicode, ƙ ta fito a ƙ. Saura wanda ya haɗa da SQL Server ya tuna ya zaɓi nvarchar a madadin varchar, in ba haka ba alamar tambayar nan za ta dawo ta ƙofar baya. Amma sabon abu ya zo da nasa sharaɗin. Windows XP na gama-gari ba ya zuwa da .NET a cikinsa, sai ka kai wa kwamfutar mai aiki da kanka. Cikakken ƙunshin siga ta 3.5 da gyaranta na farko megabait 231 ne, a zamanin da ake biyan kuɗin kwana a shagon intanet don a sauke abin da bai kai haka ba, ana addu'a kada a ɗauke wuta kafin asuba. A nan ne intanet ya fara shigowa tsakanin mai rubuta manhaja da aikinsa.

Kuma sabon Visual Basic ɗin da ya zo tare da .NET ba ya karɓar tsohon rubutu sai an yi masa gyara mai yawa. A 2005 ɗimbin masu amfani da tsohon suka sa hannu a takardar koke suna roƙon a ci gaba da shi, ba a karɓa ba, a Afrilun 2008 aka daina tallafa wa kayan rubuta shi. Injin da ke tafiyar da manhajojinsa dai har yau yana zuwa a cikin Windows 10 da 11, saboda yawan ofisoshin da ba su iya rabuwa da su ba.

A jami'o'i da kwalejojin fasaha kuwa Java ce ta shigo, kuma ita ce ta fara koya wa yawancin ɗalibai cewa akwai wani aiki kafin aiki. Ɗalibi ya girka, ya buɗe baƙar tagar umarni, ya rubuta javac, kwamfuta ta ce ba ta san wannan umarnin ba. Na ga fuskoki da yawa sun canza a daidai wannan wurin, don haka bari in tsaya a kansa. Idan ka rubuta sunan wani shiri a wannan tagar, Windows ba ya bincike kwamfutar gaba ɗaya. Akwai wani jeri na foldodi da ake kira PATH, bayan foldar da kake ciki shi kaɗai yake bi, daga na farko zuwa na ƙarshe, kuma abin da ya fara cin karo da shi mai wannan sunan shi zai ɗauka ya tsaya. Daga nan matsala iri uku ke fitowa. Ko dai foldar da javac yake ciki ba ta cikin jerin. Ko ɗalibin JRE ya girka, wanda tafiyar da manhaja kawai yake yi, ba JDK mai ɗauke da kompaila ba. Ko kuma akwai wata tsohuwar Java a gaban sabuwar a cikin jerin, sai a gina aiki da sabuwa a nemi tafiyar da shi da tsohuwa, ta ce sigar fayil ɗin ta fi ƙarfinta. Umarni ɗaya, where java, yana nuna duk waɗanda ke kan hanya bi da bi. In an gyara jerin kuma sai an rufe tagar an buɗe sabuwa, domin lokacin buɗewa kaɗai take karanta shi. Ɗalibai da yawa sun yi gyaran daidai, suka gwada a tsohuwar taga, suka ga ba abin da ya canza, suka warware gyaran da hannunsu. Python ma haka take: a shafin farko na girkawa, can ƙasa, akwai ɗan akwatin da ke cewa a saka ta a PATH, kuma a buɗe yake zuwa sai mutum ya lura ya cike shi.

Zuwan Windows mai bit 64 ya ƙara wani rikicin. Foldar System32 ita ce ta fayilolin bit 64, su kuwa na bit 32 aka kai su SysWOW64, saboda a kiyaye tsofaffin manhajojin da suka haddace sunan foldar farko. Injin Jet 4.0 na Access ba shi da sigar bit 64 sam, don haka manhajar da ta yi lafiya a tsohuwar kwamfuta sai ta ce ba a yi wa injin rajista ba a sabuwa, alhali yana nan daram. Maganin shi ne a shiga saitin aikin a ce a gina shi a x86. Dannawa biyu ce, amma mutum yana iya yin mako bai gano ta ba.

Yau kayan aikin kyauta ne, kuma halal. Tun 2005 aka fara ba da Visual Studio Express, a 2014 aka kawo Community wanda kusan komai yana ciki. NetBeans, Eclipse, Qt Creator, Visual Studio Code, duk ba a biyan ko sisi. Wannan ci gaba ne na gaske, ɗalibin yau ba ya bukatar ya fara sana'arsa da kayan sata. Sai dai wahalar da a da take jira a shagon mai aiki, yanzu ta taso ta tare bakin ƙofa.

Daga sigar 2017, abin da kake saukewa da sunan Visual Studio ɗan ƙaramin fayil ne wanda aikinsa shi ne ya sauko da sauran. Zai nuna maka akwatuna da yawa, na yanar gizo, na waya, na wasanni, na C++, ya ce ka zaɓa. Wanda bai san me yake nema ba, ko wanda ya ga adadin gigabait yana hawa yana tuna datar da ta rage masa, sai ya wuce bai zaɓi komai ba. Washegari ya zo aji.

"Malam, ni fa tawa babu Windows Forms. Na duba ko'ina."

Ba abin da ya lalace. Akwatin manhajar tebur ta .NET ne bai cike ba, sai ya koma wurin mai girkawa ya ƙara shi, wato wasu gigabait ɗin kuma. In ya samu, zai tarar da zaɓi biyu masu suna kusan iri ɗaya, ɗaya na tsohon .NET Framework, ɗaya na sabon .NET, domin tun Satumban 2019 da .NET Core 3.0 ya karɓi Windows Forms da WPF gidan ya rabu biyu. Bidiyon da yake bi a YouTube da ɗaya aka yi shi, shi kuma ya zaɓi ɗayan, Crystal Reports ɗin da mai duba furojet ɗinsa ya ce lallai ya yi amfani da shi kuwa da tsohon kawai yake tafiya. Mai koyon Java shi ma yana da tasa: tun JDK 11 a 2018 aka cire JavaFX daga cikin ƙunshin, littafin da ke ɗakin karatu kuma kafin nan aka rubuta shi, don haka misalin shafi na farko ma ba zai tashi ba. Mai Qt zai buɗe Qt Creator a ce masa babu kit mai aiki, ma'ana ba a haɗa masa kompaila da laburaren da ya dace da ita ba, domin laburaren da aka gina da MinGW ba ya shiga da na MSVC. Daga 2020 kuma kamfanin Qt ya mayar da ƙunshin girkawa ba tare da intanet ba na masu biyan kuɗi, saura kowa sai ya buɗe asusu ya sauke kai tsaye.

Sai Electron, wanda GitHub ya ƙirƙira a 2013 don editansa Atom, kuma a kansa aka gina Visual Studio Code da Slack da Discord. Dabararsa ita ce kowace manhaja ta ɗauko burauzar Chromium sukutum da Node.js ta rungume. Ya buɗe wa masu rubuta shafukan yanar gizo ƙofar yin manhajar kwamfuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma taga ɗaya da babu komai a cikinta tana haura megabait 100, kuma kafin ka gina ta npm zai jawo ƙunshe-ƙunshe masu yawa na mutanen da ba ka taɓa jin sunansu ba. A Maris 2016 wani ya janye nasa ɗan ƙunshin mai suna left-pad, layi 11 kacal, ayyuka dubbai a faɗin duniya suka kasa ginuwa a ranar.

Duk waɗannan kayan an tsara su ne a kan zaton cewa intanet yana nan kullum, mai sauri, ba a ƙirga shi, wuta ba ta yankewa, kwamfuta kuma sabuwa ce. Microsoft da kansa ya rubuta cewa Visual Studio 2022 yana tashi da ram gigabait 4, amma 16 yake ba da shawara don aikin gaske. Ɗalibanmu da yawa laftof ta hannu suke riƙe da ita mai gigabait 4 ɗin, batirinta ba ya kai awa guda, datar kuma daga kuɗin abinci aka tsakuro ta. Ba na zargin waɗanda suka tsara kayan da mugunta, don inda suke zaune haka rayuwa take. Abin da ke damuna shi ne abin da ke faruwa a zuciyar yaro ko yarinyar da suka yi kwanaki suna fama ba su ga ko taga ɗaya ta buɗe ba. Ba sa cewa kayan ne suka yi nauyi. Cewa suke yi wannan karatun ba na irinsu ba ne. Na san masu kaifin basira da suka bar fannin a daidai nan, ba su taɓa kaiwa ga rubuta layin da za a gane ko suna da baiwar ko babu ba. Wasu kuma suka kai kwamfutar wurin mai gyara a kasuwa ya girka musu komai, suka karɓa tana aiki, ranar da ta tsaya kuma suka koma inda suka fara.

A ganina laifinmu ne mu masu koyarwa, da muke ɗaukar shirya kayan aiki a matsayin share fage da ɗalibi zai yi a gida kafin a fara darasi na gaskiya. A maƙera ba a miƙa wa ɗan koyo guduma ranar farko. Zuga zai yi ta yi, yana koyon yadda ake jera gawayi da launin da ƙarfe ke yi in ya nuna, kuma babu maƙerin da zai ce wannan ba ƙira ba ce. Makon farko na kowane ajin rubuta manhaja ya kamata a yi shi a kan wannan, a gaban malami, kowa da kwamfutarsa a buɗe. Kuma ba sai kowa ya ƙona datarsa ba. Mai girka Visual Studio yana da umarnin layout da ke sauke ƙunshin gaba ɗaya a folda, ko ɓangaren da ake bukata kawai, a zuba a faifan ajiya na waje a bi ɗalibai da shi. Haka pip yana iya sauke ƙunshe-ƙunshen Python a ajiye, NuGet da Maven ma suna karɓar ma'ajiya ta cikin gida. Sashe guda a jami'a yana iya yin wannan sau ɗaya a zango ya wadatar da ɗaruruwa. Ban ga dalilin da zai sa a ce har yanzu ba al'ada ba ce.

Abin da za a koyar a makon kuwa bai canza ba tun zamanin lamba 339. Kusan duk saƙon kuskuren da ke fitowa a wannan matakin abu ɗaya yake faɗa: na nemi wani abu ban same shi ba, ko na sami wanda ba shi ba. Me ake nema, a ina aka duba, wace siga aka tarar? OCX ɗin shagon Alhaji, da javac, da kit ɗin Qt, da JavaFX, duk waɗannan tambayoyin ne ke warware su. Shi ya sa in ɗalibi ya ce mini "ta ƙi", ba na karɓar kwamfutar daga hannunsa. Ina cewa ya karanta mini saƙon da ƙarfi, tun daga kuskuren farko ba na ƙarshe ba, domin sau da yawa na farkon ne ya haifi sauran, sannan ya faɗa mini da Hausa abin da kwamfutar take nema. Rabinsu kafin su gama faɗa sun gano da kansu. Turancin saƙon ne ke firgita su su rufe akwatin ba su karanta ba, alhali sunan fayil ɗin da wurin da aka neme shi suna rubuce a ciki ƙarara.

Yanzu ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda za ka liƙa musu saƙon su ba ka amsa cikin daƙiƙa. Ina amfani da su, kuma sun rage wahala ƙwarai, musamman ga wanda ba shi da babba a kusa da zai tambaya. Sai dai ba sa ganin kwamfutarka. In ba ka gaya musu me ke ciki ba, shawara mafi sauƙi ita ce ka sake girkawa, sai ka tarar da ɗalibi da Java uku da Python biyu a kwamfuta ɗaya, kowace tana jan PATH ta nata gefen. Wanda ya san tambayoyin nan uku yana cin moriyarsu sosai, domin ya san abin da zai gaya musu da abin da zai ƙi karɓa.

Wani zai ce me ya sa ake ta wannan wahala a kan manhajar kwamfuta, bayan komai ya koma waya da burauza. Amsar tana kemis da ɗakin gwaje-gwaje na asibiti da ofishin jarrabawa na makaranta, inda dole aiki ya ci gaba ko da sabis ko babu, kuma firintar rasit da na'urar karanta lambar kaya a jikin kwamfuta suke. Irin waɗannan manhajojin suna daɗewa fiye da yadda marubutansu suka zata.

Kwanakin baya aka kira ni wani shagon sayar da magani na sari, inda wata manhajar Visual Basic 6 take aiki tun zamanin XP. Ta fara mutuwa da kuskure mai lamba 6 duk lokacin da aka shigar da farashin wasu katan-katan. Wanda ya rubuta ta ya ajiye farashi a Integer, wanda a wannan yaren ba ya wuce 32,767, kuma a lokacinsa babu katan ɗin da ya doshi wannan kuɗin. Tsadar kaya ce ta cim masa. Masu shagon sun koma raba katan ɗaya gida biyu a rasit don su samu ya shiga. Gyaran kalma ɗaya ce, a mayar da Integer ya zama Currency. An yi sa'a rubutun asali yana nan a wata folda. Abin da babu shi ne wurin da za a sake gina shi: marubucin ya bar garin, babu takardar da ta ce ga abin da ya yi amfani da shi, kuma jadawalin da ke fom ɗin sayarwa na wani kamfani ne dabam, ba na Microsoft ba. Sai da na tayar da Windows XP a cikin VirtualBox, na girka tsohon Visual Basic da gyaransa na shida, na riƙa buɗe fayil ɗin aikin da Notepad ina karanta sunayen OCX ɗin da ya lissafa, ina kwaso su daga kwamfutar shagon ɗaya bayan ɗaya. Canza kalmar bai ɗauki minti ɗaya ba, shirya wurin da za a canza ta ya ci kwanaki.

Manhajar da ake rubutawa yau ta fi waccan yawan abin dogaro ninkin-ba-ninkin, kuma galibinsu a sabar wasu suke, ba a kwamfutar shagon ba. Kayan kiyaye su dai akwai, waɗanda mu ba mu samu ba a da: Git tun 2005, global.json da ke ƙulle sigar .NET, requirements.txt na Python, package-lock.json na npm. Ni yanzu ba na sa hannu a furojet ɗin ɗalibi sai na ga waɗannan, da shafi guda da ya bayyana abin da za a girka da sigarsa bi da bi, sannan abokin karatunsa ya ɗauki shafin ya gina aikin a wata kwamfutar da ba a taɓa gina shi a kanta ba, shi kuma yana zaune a gefe ba ya cewa komai. A shagon maganin ma haka na yi kafin in tafi: na bar musu kwafin XP ɗin nan da duk abin da ke cikinsa a faifan ajiya guda biyu, ɗaya a shago, ɗaya a gidan mai shagon, na kuma nuna wa babban ɗansa yadda ake tayar da shi.